Bel ɗin tsohuwar mota: yana riƙe mutum kuwa, ko na wuce 'yan rod sefti ne kawai?

Duk lokacin da aka yi mummunan hatsari a hanyar Gusau ko ta Illela, akwai gardamar da ba ta rasa tasowa a majalisun Sakkwato da shafukan Facebook. Wani zai ce ya san mutumin da ya ɗaura bel amma aka tsinto shi a cikin gona, bel ɗin ya kwance da kansa. Wani ya ce shi akasin haka ya gani, bel ne ya maƙale wa direba har sai da aka kawo wuƙa aka yanke kafin a zaro shi. Daga nan sai majalisa ta yanke hukunci cewa bel ba shi da wani amfani, dokar Bature ce da hanyar cin tara.

Labaran biyu duk suna iya zama gaskiya. Bel yana lalacewa, kuma akwai lokacin da kamfani da kansa ya fitar da shi da aibi tun daga masana'anta. Inda majalisa ta kuskure shi ne ta haɗa lalataccen bel da lafiyayye ta yi musu kuɗin goro. To mene ne ke lalacewa a cikinsa, laifin wa ne, kuma mai ƙaramar motar da ta haura shekara 20 ta yaya zai san wanda ke rataye a kafaɗarsa?

Abin da ke cikin bel, ban da igiyar da ake gani

Bel irin na yanzu, mai ratsa ƙirji ya kuma kama ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo ne mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi, aka fara saka shi a mota a 1959. Kamfanin ya bar sauran masu ƙera motoci su kwaikwaya kyauta, shi ya sa kusan kowace mota a duniya irinsa ne a jikinta.

Igiyar, wadda ake saƙawa da zaren foliyesta, ita ce kawai ido ke gani. Akwai harshen ƙarfen da ake sokawa, da makullin da ke karɓarsa mai jan madanni a kai. A cikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya kuma akwai injin da ke naɗe igiyar. Wannan injin yana da sifirin mai janye bel ya koma gidansa, yana kuma da dabarar kullewa iri biyu. Ɗaya tana kama igiyar idan an fizge ta da ƙarfi. Ɗayar wani ɗan boris ne ko ɗan lilo da ke zaune a gurbinsa. Da mota ta ci birki da ƙarfi ko ta karkace, sai ya goce ya tura haƙori ya riƙe injin.

Motocin da aka ƙera daga wajajen shekarun 1990 zuwa yau, da yawansu suna da ƙarin wani abu da mafi yawan masu mota ba su san da shi ba. Wani ɗan bututu ne mai sinadari kamar albarushi. Idan aka yi karo, kwamfutar da ke fasa jakar iska, wato eyabag, ita ce ke kunna shi, sai ya fashe ya tsuke bel a jikin mutum kafin ƙiftawar ido. Sau ɗaya yake aiki. In ya tashi ya tashi ke nan, sai dai a sake wani. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dalilin duk wannan wahalar lissafi ne mai sauƙi. Mota mai gudun kilomita 50 a awa idan ta daki abu ta tsaya cak, jikin wanda ke ciki yana ci gaba da tafiya da ƙarfin wanda ya faɗo daga tsawon kusan mita 10, wajen bene hawa uku. A gudun kilomita 100, wanda direbobin hanyar Tambuwal ba sa ma kira gudu, abin ninkawa yake sau huɗu. Babu hannun da zai dafe dashbod ya tare wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Amma lafiyayyen bel ake nufi.

Lokacin da laifin na kamfani ne

Masu cewa bel yana kwancewa da kansa ba su ne farkon faɗa ba. A farkon shekarun 1990 masu motocin Honda a Amurka, musamman ƙaramar nan Civic, sun yi ta kai ƙara ga hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar, NHTSA. Ƙorafin iri uku ne: makullin ya ƙi kama harshen, ko ya kama sannan ya saki ana cikin tafiya, ko ya saki daidai lokacin hatsari. Hukumar ta buɗe bincike a 1994, sai ta gano abin bai tsaya ga Honda ba. Kamfani ɗaya ne na Japan, Takata, ya yi wa kamfanonin motoci da dama wannan makullin.

Da farko wasu daga cikin kamfanonin sun ɗora laifin a kan masu motocin, wai su ne ba su iya riƙo ba. Binciken ya nuna ba haka ba ne. Jan madannin nan an yi shi ne da wata irin roba da hasken rana ke busarwa. Shekara da shekaru rana na dukanta sai ta yi gautsi, ta riƙa ɓantarewa, ɓarɓashin ya faɗa cikin makullin ya hana shi kamawa sosai. A watan Mayun 1995 aka yi wa motoci sama da miliyan 8 kiranye, ƙirar 1986 zuwa 1991, na Honda da Nissan da Mazda da Mitsubishi da Subaru da wasunsu. Kiranye a nan irin wanda ake yi wa ɗan majalisa ne, sai dai mota ake kira: kamfani ya rubuta wa duk mai irin motar ya kawo ta a gyara masa kyauta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan shi ne rana. Ranar Amurka ce ta busar da robar. To ina ga ta Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, mota kuma ta wuni a ƙofar ofis ko kasuwa gilas a rufe, har sitiyari ya gagari taɓawa?

Ba kuma tsohon zance ne kaɗai ba. A 2018 wata mujallar motoci ta ƙasar Finland ta gwada Volkswagen Polo da 'yan uwanta na kamfanin Seat, ta gano idan mutum uku suka zauna a baya aka karkata motar da sauri, makullin na tsakiya yana danne madannin na hagu ya kwance shi. Kamfanin ya amsa, ya yi kiranye. Takata ɗin ma daga baya matsalar jakar iska ce ta durƙusar da shi a 2017, bayan kiranyen motoci miliyoyi barkatai.

Wannan ba yana nufin kowace tsohuwar Civic ko Golf ko Corolla da ke yawo a unguwar Mabera ta Sakkwato tana da aibin masana'anta ba. Yana nufin ƙorafin mai mota ba kullum ne shaci-faɗi ba. A can, ƙorafin mutum ɗaya ya haɗu da na ɗaruruwa a ofis guda, aka ga zanen abin ya fito. A nan, ƙorafin yakan ƙare ne a gindin bishiyar bakanike.

Lokacin da laifin na shekaru ne, da ƙura, da mu kanmu

Mafi yawan bel ɗin da ke ba mutane ciwon kai a garin nan, tsufa ne da datti suka kama shi. Ƙorafin da aka fi ji shi ne bel ya ƙi komawa gidansa, ya yi ta reto har ƙofa ta datse shi. Sau da yawa ba sifirin ne ya mutu ba. Ƙurar hunturu da gumi da man shafawa ne suka haɗu suka yi kanta a jikin igiyar da ƙarfen da take bi ta cikinsa a saman kafaɗa, ta yi tauri kamar ƙirgi. Ita kuma ƙofar, kullum ta datse shi sai ta ci zare kaɗan.

Irin wannan dattin shi ne ya haifi ƙorafin da na fi jin tausayinsa, domin ni ma ya taɓa cin tawa farar shaddar ranar Juma'a: ka ɗaura bel daga gida zuwa masallaci, ka sauko da baƙin layi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Mutane da yawa saboda wannan kawai suka daina ɗaurawa, ko su riƙa sassauta shi da hannu ya yi nesa da riga. Bel mai sako-sako kuwa sai jiki ya riga ya tafi kafin ya kama. Maganin bai wuce a zaro igiyar gaba ɗaya, a maƙale ta, a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a bar ta ta bushe a inuwa kafin a sake ta. Ban da bilic, ban da fetur, domin suna cin zaren ko da ido bai gani ba.

Makullin shi ma rumbu ne. Yana zaune a gefen kujera bakinsa a sama, duk abin da ya faɗo yana karɓa: ɓawon gyaɗa, ɓarɓashin biskit ɗin yara, yashi, lemon kwalbar da ya zube ya daskare. Abin tsoro a nan shi ne kamun ƙarya. Harshen ya shiga, ka ji kamar ya kama, alhali rabin kamu ne. A tafiya lafiya ba za ka taɓa sani ba. Ranar da nauyin jikinka ya faɗa masa gaba ɗaya, ranar zai saki. Wasu kanikawa sukan ɗura baƙin mai a ciki su ce ya warke. Kwana biyu zai yi santsi, daga nan man ya tara ƙura abin ya fi da muni.

Akwai kuma abin da ake ɗauka lalacewa ne alhali aikinsa yake. Ka ajiye mota a gangare ko taya ɗaya a kan dakali, ka ja bel ya ƙi fitowa. Ɗan boris ɗin nan ne ya goce saboda karkacewar motar. Ka daidaita ta zai saki.

Motar da ta taɓa hatsari kafin ta zo hannunka

A ganina nan ne babbar matsalar take, kuma nan ne aka fi yin shiru. Kaso mai yawa na tokumbon da ke shigowa daga Amurka, a kasuwar gwanjon motocin da suka yi hatsari ake sayo su, irin su Copart, saboda sun fi araha. A Legas ko Kwatano ko ma nan gida ake buge su a yi fenti su fito fes. Fanal bita ya iya aikinsa, ba a musu. To amma jakar iskan da ta fashe fa? Bututun da ya riga ya tsuke bel fa?

Gyaran gaskiya shi ne a sauya su duka, kuma yana da tsada. Gyaran kasuwa shi ne a like murfin sitiyari babu komai a ciki, a buɗe injin bel ɗin da ya kulle a cire abin da ya riƙe shi don ya riƙa shiga da fita, sannan a soka ɗan rezisto a wayar don kwamfuta ta ɗauka komai na nan, fitilar gargaɗi ta mutu. Wasu ma ƙwan fitilar suke cirewa. Mai saye ya zo ya buɗe bonet, ya saurari inji, ya duba giya da esi, ya leƙa ƙasa ko mai na zuba. Ban taɓa ganin wanda ya fizgi bel a wurin dillali ba.

Ni kaina sai da na yi shekara da wata tsohuwar ƙaramar mota kafin na gane bel ɗin gefen fasinja hoto ne. Wani mai gyaran wayar mota na kai wa saboda gilas ya ƙi sauka. Da ya ɓalle robar ginshiƙin sai ya tsaya, ya kira ni.

"Alhaji, zo ka gani. Wanga an taɓa buɗe shi."

Ya kama igiyar ya fizga da iyakar ƙarfinsa, ta biyo shi har ƙarshe ba ta ko tsaya ba. Ya nuna mini wata rawayar waya, ta bututun nan mai tsuke bel, da aka yanke aka naɗe da baƙin salatif. A wannan kujerar uwargida take zama, wani lokaci da yaro a cinya. Na tambaye shi ko yana yawan ganin irin haka, ya yi dariya ya ce ai ba wanda ke kawo mota don bel, sai dai su ci karo da shi suna neman wani abu.

Ko igiyar ma, idan ta taɓa riƙe mutum a babban karo zarenta ya riga ya miƙe, ba za ta sake ba da irin wannan kariyar ba. Shi ya sa littafin kusan kowace mota ke cewa a sauya bel bayan hatsari ko da ba a ga yagewa ba. Wanda mai kushin ya ɗinke da keken ɗinki bayan ya tsinke kuwa, ba a ma maganarsa.

Kowa da hujjarsa

Dillali zai ce shi ma haka ya sayo ta, kuma mai saye ne ke neman araha. In ya sauya jakar iska da bel ya ɗora kuɗin a kai, motar za ta yi wata shida ba a taya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ɓoye aibin kaya a ciniki ba sai an je makaranta ake sanin hukuncinsa ba.

Kamfanin da ya ƙera motar zai ce ya yi kiranye, wanda bai kawo ba shi ya so. Matsalar ita ce wasiƙar kiranye adireshin mai motar na can take zuwa, motar kuma tana unguwar Arkilla a Sakkwato. A dokar Amurka ma, wajibcin gyara kyauta yana tsayawa ne ga motar da ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba, ga shi mafi yawan ƙananan motocin da talaka ke iya saye a nan sun tsallake wannan.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a farkon 2003, kuma an daɗe tarar tana naira 2,000. Dokar ta yi amfani. Sai dai jami'in da ke tsaye a bakin titi baƙin layi kawai yake hangowa a ƙirjin direba, ba shi da hanyar sanin ko yana kamawa. Direbobi sun fahimci haka sarai. Duk wanda ke shiga motar haya ya san yadda ake yi: ana hango masu jar hula, direba ya miƙa hannu ya jawo igiyar ya ratsa ƙirji, ya danne harshen a ƙarƙashin cinya ko ya rataya a birkin hannu, ana wucewa ya sake ta. Wasu makullin ma babu shi, an cire shi tun ranar da aka faɗaɗa kujerar gaba don ta ɗauki mutum biyu. Binciken lafiyar mota aikin 'yan VIO ne, kuma da ana fizgar bel kafin a ba da takarda da an rage da yawa.

Masu tsoron maƙalewa kuma, tsoronsu ba na banza ba ne, amma a auna. Hatsarin da mota ke kama wuta ko ta faɗa ruwa kaɗan ne ƙwarai a cikin haɗurra. Wanda bel ya riƙe ma shi ya fi damar kasancewa cikin hayyacinsa har ya fita da kansa. Wanda mota ta yi jifa da shi waje kuwa, shi ya fi shiga haɗarin mutuwa. Makullin da ke ƙin buɗewa tun ana lafiya shi ne zai maƙale ranar tsautsayi, kuma yana ba da sanarwa tun da wuri ga mai lura.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

Ka zaro igiyar har ƙarshe ka bi ta da hannu. In ka ga gefenta ya fara tsefewa, ko ɗinkin da ba na kamfani ba, ko wurin da ya ƙone ya yi ƙyalli, ta gama aiki. A can ƙasa kusa da inda aka ɗaure ta akwai 'yar takarda da aka ɗinka, sau da yawa da shekarar da aka yi bel ɗin. In ta yi hannun riga da shekarar motar, ko ta gefe ɗaya ta bambanta da ɗaya, an taɓa sauyawa, sai ka tambayi dalili. Ka soka harshen ka saurari ƙarar kamawa, sannan ka ja shi da ƙarfi kana girgizawa ba tare da ka taɓa madannin ba. Ka maimaita sau da yawa, domin kamun ƙarya ba kullum yake nuna kansa ba. Ka fizgi igiyar ta kafaɗa, ya kamata ta tsaya cak. Wasu tsofaffin motoci fizga ba ta kulle nasu, sai birki, don haka ka samu fili babu kowa, kana tafiya a hankali ka taka birki da ƙarfi ka ji ko ya riƙe ka.

Fitilar jakar iska kuma, idan ka murɗa makulli dole ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Wadda ta ƙi mutuwa tana faɗa maka akwai matsala. Wadda ba ta kamawa sam ta fi ban tsoro, wani ne ya rufe mata baki.

Idan motar 'yar Amurka ce, lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba tana da amfani. A shafin NHTSA na intanet ana saka ta kyauta a ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba, kodayake bai cika komawa baya fiye da shekara 15 ba. Sau da yawa ma in ka rubuta lambar a Google hotunan motar na ranar gwanjo za su fito, da jakar iska a waje kamar harshe. Lambar da ta fara da 1 ko 4 ko 5 ƙirar Amurka ce, J ta Japan, W ta Jamus. Wanda aka sayar wa mota aka ɓoye masa irin wannan aibin yana da inda zai kai ƙara, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, muddin yana da rasit da shaida.

Wajen sauyawa, sabon bel na motar da ta shekara 25 da wuya a same shi, dole sai na gwangwan. A nemi na irin motar daidai, domin kowane injin naɗewa da kusurwar da aka yi shi ya zauna. In aka ɗaura na wata mota a karkace, ko ya riƙa kullewa ba dalili ko ya ƙi kullewa sam. A ɗauko shi daga motar da ba ta gaba ta daku ba, a sa ƙusoshinsa na asali, kada a yarda da walda. Mai aikin kuma ya cire batir ya ɗan jira kafin ya taɓa rawayar waya, don abin da ke cikin bututun nan yana iya tashi a hannunsa.

Na motata a wajen masu kayan gwangwan muka samo, bayan mun ƙi guda biyu da suka faɗi gwajin fizga tun a shagon. Kuɗin bai kai na taya ɗaya ba. Na kujerun baya kuwa, da muka ɗaga kushin sai muka tarar da makullansu uku a kwance a ƙasa, cikin ƙura da tsohon ƙwandala, da alama tun shigowar motar ƙasar nan ba wanda ya taɓa fito da su.